Kular Ƙanƙara a Ƙofar Asibiti

Tun da bam ɗin tasha ya ragargaza wa ɗana Kashim ƙafa, ƙashin ya ƙi haɗewa. An yi ɗori, an sa ƙarfe, duk a banza. Daga baya likita ya ce akwai wani sinadari da ake zubawa a bakin karayar, shi ke sa jiki ya tsiro da sabon ƙashi. In ba a same shi ba, sai yankewa.

Amobi mai kemis, maƙwabcinmu a unguwar Malam Inna, shi ya sa aka aiko da sinadarin daga Legas cikin ƙaramar kula, an danƙare ta da ƙanƙara.

"Ya Aisa, kar zafi ya taɓa shi," in ji shi. "Sista Juliana kaɗai za ta buɗe."

Ranar aikin na isa ƙofar asibiti rungume da kular. Mai gadi ya dubi hijabina, ya dubi zanen fuskata, sai ya ja da baya.

"Daga ina?"

"Malam Inna."

"Asali nake tambaya."

"Bama."

Nan take mutanen da ke layin shiga suka watse. Aka sa na ajiye kular a tsakiyar fili, rana na dukan ta, wai sai masu kwance bam sun zo. Na ce magani ne, na ce a kira Juliana, ba wanda ya motsa. Masu tada bam ɗin nan sun ƙone mini gida, sun lalata wa ɗana ƙafa, yau kuma ni ake wa kallon 'yar aikensu. Raina ya ɓaci.

Can sai na ga ruwa yana tsiyaya daga gindin kular.

Tun ina budurwa ban taɓa fita ba lulluɓi ba. Na tuɓe hijabin a gaban maza, na juya su ga ba komai a jikina, na lulluɓe kular da shi, na tsaya a kanta ina yi mata inuwa.

"In bam ne, ya fara da ni," na ce musu.

Ashe labari ya kai wa Juliana. Ta ture mai gadin ta fito, ta buɗe kular. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goro ba, amma kwalbar maganin na nan da sanyinta. Ta ruga ciki da ita.

Mai gadin ya tsinci hijabin, ya kakkaɓe, ya miƙo mini.

"Yi haƙuri, Mama. Aiki ne."

Na bar shi da shi a hannu. Haka nan na ratsa su zuwa wurin ɗana, kowa ya kalla ya ƙoshi.