Kyamarar da Ba Ta Ɗaukar Hoto Sai Ta Gaisa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tsohuwar kyamarata ce ta jawo shi, don da haushinta na kwanta. Shekararta goma sha shida a hannuna. In ka kafa ido a ramin leƙenta, nan take take kama fuska. Amma idona ya tsufa, tabarau ya shiga tsakaninmu, yanzu da allon bayanta nake aiki. Ita kuwa in ta nan ka biyo mata, sai ta shiga lalube. Idonta ya fito, ya koma, ya sake fitowa, zuu, zuu, fuska ta yi dishi-dishi, ta washe, ta kuma dushewa. Kafin ta yanke shawara, mai murmushi ya tuna matsalolinsa.

Inna, mahaifiyata, ta yarda in ɗauke ta hoto da safe kafin motar ƙauye ta tashi. Guda ɗaya, ta ce. Ni ne ɗanta na fari. Shekara hamsin da uku ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tsayar da ido a kaina ba, ni ma na saba da kallon tabarma in muna magana. Hotunanta da muke da su duk na kunne ne da gefen mayafi. Don haka na ƙudura in ari wayar 'yata Nusaiba, mai ɗaukar hoto goma kafin mutum ya gyara zama.

A mafarkin na sami kaina a wani gari da rana tsaka. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, mutane sun juya lemominsu suna tsaye a ciki. Komai dishi-dishi ne, gidaje, fuskoki, har hannuna.

Na shiga wani ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana cin fayil. Na yi shekara ashirin da biyar a aikin gwamnati, ban taɓa ganin fayil ya yi gaba da sauri haka ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "me ya sa ba a ganin komai sosai a garin nan?"

"Ka gaishe shi?"

"Wa?"

"Abin da kake son gani."

Na juya na ce, "Sannu, bango." Bangon ya fito tar, har da tsagarsa da wani ƙadangare da ya ɗaga mini kai. Bunsurun ya buga mini hatimi a goshi, ya ce in dawo shekaranjiya.

Sai ga ni a kotu. Zabo ne alƙali. A akwatin masu laifi an jingina wata siririyar waya, sai ƙyalli take yi. An ce ta shiga gidan suna ta kwashe fuska arba'in ba ko sallama.

"Ya mai shari'a, ni sauri gare ni," in ji wayar.

"Wanda ya sace wa matata ƙwai bara ma sauri gare shi," in ji zabon. Ya yanke mata hukuncin sauraron gaisuwar tsofaffi biyu daga farko har ƙarshe. Aka fita da ita tana kuka.

Sai ga ni a gindin wata tsamiya mai saiwa a sama. Kyamarata tana zaune a kan buzu, ta kai girman tukunyar biki, fentin kusurwoyinta ya goge kamar gwiwar mai yawan sallah.

"Malam Tanimu," ta ce, "na ji za ka ari waya."

Na gyara murya irin ta wanda ya yi jami'a. Na ce ba ƙiyayya ba ce, bincike ne. Na auna, daƙiƙa huɗu zuwa bakwai take ɓatawa kafin ta kama fuska ɗaya.

"Kai da ka yi shekara shida a digirin shekara huɗu?"

Na ce wannan yajin aiki ne.

"To saurara. In ka leƙa ta ramina, kai ne mai kallo, ni 'yar aike ce, sai in yi sauri. In ka buɗe allo kuwa, ni ce tsaye a gaban mutum da idona. In faɗa wa fuskar mutane haka kawai? In ka ga idona ya fita, ina kwana nake cewa. In ya koma, amsa nake jira. Nakan ɗan wuce fuskar ma in dawo, don in tabbatar ita ce, ba 'yar'uwarta ba."

Na taɓa zama da manya masu lambobin girma, amma ban ga wanda ya san aikinsa kamar wannan tsohuwa ba. Sai na cire hula.

Sai ga Inna a kan kujera 'yar tsugunno a tsakiyar fili, ruwa yana hawa ta gefenta bai taɓa ta ba. Ta kawar da kai kamar kullum. Kyamarar ta dawo daidai hannu. Na riƙe ta a ƙirji, na sunkuyar da kai ina duban allo, wanda dama haka ya kamata ɗan fari ya tsaya.

Zuu, in ji kyamara.

Inna ta saci kallo. Ta ga kaina a ƙasa, ta ga wani baƙin ido yana matsowa cikin ladabi. Ta juyo gaba ɗaya.

"Lafiya lau," ta ce.

Zuu.

"Babu gajiya."

Zuu, zuu.

"Ƙafar da sauƙi, sai in sanyi ya sauko. Kai, wannan abu ya fi 'ya'yan wasu tarbiyya."

A allon, fuskarta tana zuwa tana komawa, ni kuma ina kallo, ba wanda ya ce na yi rashin kunya. Ashe tsagen kumatunta uku ne. Shekara hamsin ina cewa biyu. Ashe tana da wushirya. Ashe hancin da nake tsokanar Nusaiba da shi a nan ta ɗauko shi. Sai ɗan koren akwati ya haska a kan idonta, fuskar ta tsaya garau, tana dubana ta cikin gilashi.

"Ke," ta ce wa kyamarar, "ki faɗa wa mai riƙe da ke ya rame. Ya riƙa cin abinci."

Yatsana yana kan maɓalli. In na danna, hoto ɗaya ya cika, ta tashi ta gyara mayafi. Ban danna ba.

"Don Allah ki sake lalubawa," na raɗa wa kyamarar.

"Ai na kama."

"Na sani. Ki sake."

Ba ta yi mini gori ba. Ta saki fuskar, ta koma tun daga ina kwana. Zuu, zuu, zuu, ƙarar tana ƙaruwa har tsamiyar ta fara karkarwa.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, Nusaiba tana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Baba, ga ta. Inna ta shirya tun ɗazu, ta ce direba ba zai jira ba."

"Riƙe abarki. Miƙo mini tsohuwar, tana kan kabad."

"Haba Baba, wannan ai sai ta shekara ba ta kama fuska ba."

"Allah ya sa," na ce, ina laluben tabarauna.