Awon Direbobi Talatin da Huɗu

Shagon Mai Gyara bai fi taku huɗu ba. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanin ƙananan kusoshi, sai tsohuwar kwamfuta da ke nishi a ƙarƙashin teburin. Yana cikin liƙe bakin cajin wata waya da dalma aka tare masa hasken ƙofa.

Mutum biyu ne. Dattijuwar ya san ta, tela ce a bayan layin masu yadi, kuma kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Saurayin da ke gabanta, mai baƙin gilashi a goshi yana kaɗa makullin mota a yatsa, bai taɓa ganinsa ba, amma irinsa ya gani sun fi a ƙirga.

"Malam, kwamfutarka nake so, minti goma," in ji saurayin, ko sallama babu. "Filashin zan yi wa tabulet ɗin nan. Tawa ce ta ƙi ganinsa."

"Ɗan wana ne," Goggo ta ce, tana neman wurin zama. "Injiniya muke ce masa."

"Injiniyan me?"

"Mu ma dai ba mu tambaya ba."

Mai Gyara ya ajiye ƙarfen dalma, ya tura mata kujera. Shi a aikinsa, kafin ya taɓa na'ura sai ya ji daga bakin mai ita. Na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta ba da labari.

Goggo ta gyara mayafi ta fara. Wani kamfanin sufuri ne ya ba ta ɗinkin kayan direbobinsa, mutum talatin da huɗu, riga da wando. Sati biyu ta yi tana tare su ɗaya bayan ɗaya a tasha tana auna su, awon duk yana cikin wata manhaja a tabulet ɗin. Yanzu direbobin sun watse a kan hanya, wani ma sai ƙarshen wata zai dawo, ga shi ranar Litinin za a karɓi kaya. Shekaranjiya manhajar ta daina buɗewa.

"Me aka yi masa shekaranjiyan?"

"Sabunta shi na yi," Injiniya ya karɓe. "Ka san tsarin kamfani ba ya kansa. Tun bara na cire shi na sa wani na musamman. Na kamfani ai na 'yan koyo ne. Har rut na yi masa." Ya juya ga Goggo yana jan kalmomi kamar mai magana da kurma. "Rut, Goggo, shi ne mutum ya zama maigida a cikin na'urarsa, ya shiga duk ɗakin da ya ga dama."

"To maigida, shiga ka ɗauko min awona mana."

"Rut ɗin ne ya tashi. Kwana biyu ina fama. Duk abin da na nema sai ya ce an hana. Ba magani sai filashin, a share komai a sake zubawa."

Mai Gyara ya dube shi daga gilashin goshi har takalmi. Wato an ɗauko ɗan koyon aski an ba shi kan marayu. "In ka share, awon fa?"

"Sai ta sake aunawa. Tef ne fa kawai da biro."

Goggo ta damƙe bakin jakarta.

"Ba ka sa abin da zai riƙa kwafe mata bayanai ba?"

"Na sa mana! Kullum yake kwafa da kansa." Ya ɗan sosa ƙeya. "Sai dai da na duba, babu komai a ciki. Manhajojin nan na kyauta ka san halinsu."

Mai Gyara ya karɓi tabulet ɗin. Bayansa duk alli ne na tela, gefensa ɗaya ya yi sulɓi saboda riƙo. Ya jona shi da kwamfuta, ya rubuta 'yan kalmomi, ya jira. Rut ɗin yana nan daram, ba inda ya je. Ƙofa ce dai aka rufe daga ciki. Duk na'urar da aka yi wa wannan aiki tana da wata manhaja mai gadi, wadda ke tambayar mai ita kafin ta bar kowa ya shiga. Ya nemi mai gadin a sikirin, sama da ƙasa, bai gan shi ba.

Bai tambayi Injiniya ba. Goggo ya juya wa.

"Goggo, in kina aiki, wani ɗan akwati yakan fito ya tare miki gaba?"

"Yakan fito. Mai rubutun Turanci, da maɓalli biyu."

"Wanne kike dannawa?"

"Na hagu. Kullum na hagu." Ta nuna ɗan wanta da haɓa. "Shi ya ce. Ran da ya kawo min, ya ce Goggo, ke ba karatu gare ki ba, duk abin da ya fito ki danna na hagu, kada ki ɓata min aiki. Akwai wani ɗan gurbi ma a ƙasa, in na taɓa shi akwatin ba ya sake dawowa. Ni na gano wannan da kaina."

Ta faɗi haka da ɗan alfahari. Mai Gyara ya sunkuyar da kai, don kada ta ga fuskarsa ta ɗauka da ita yake. Na hagu shi ne a'a. Ɗan gurbin kuwa cewa yake a riƙe wannan amsa har abada. Shekara guda baiwar Allah tana korar duk wanda ya zo neman izini, har da manhajar da aka ce tana kwafe mata awo, tana bin umarnin Injiniya sau da ƙafa.

"Ina ka kai mai gadin?" ya tambayi saurayin.

"Wane mai gadi?"

"Manhajar da ke ba da izini. Wadda ka sa ran da ka yi rut ɗin."

Makullin motar ya daina kaɗawa. "Ai... ɓoye ta na yi. Na canza mata suna, kada Goggo ta shiga ta yi ɓarna."

"Wane suna?"

A waje wani mai kura yana ta faɗa da mai babur.

"Bidiyon da na bi bai ce a rubuta ba," Injiniya ya ce a ƙarshe.

Sai da Mai Gyara ya bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ya sami agogo biyu a na'ura ɗaya. Na biyun ba ya nuna lokaci. Yana buɗe shi sai ga jerin sunaye, kowanne da jan alamar an hana, goma sha ɗaya reras. Ya taɓa wadda ke hana kwamfuta shiga, ta koma kore. Daga nan aikin bai kai shan ruwa ba: ya shiga ɗakin manhajar awon, ya kwafo fayil ɗin zuwa kwamfutarsa, ya buɗe.

"Goggo, matso. Faɗi sunan mutum ɗaya."

"Akwai wani da suke ce wa Tanka. Ƙugunsa arba'in da shida, ba zan manta ba, sai da tef ya kusa ƙarewa."

"Arba'in da shida. Tsawon wando arba'in da ɗaya."

Ta dafa teburin da hannu biyu. "Ƙirga min su."

Ya ƙirga a fili, a hankali, yana bin layi da bakin sukuddireba. Talatin da huɗu. Goggo ta sauke numfashi, ta share ido da gefen mayafi kamar wani abu ne ya faɗa mata.

"Ai dama abin da nake shirin dubawa ke nan," in ji Injiniya. "Ka riga ni ne kawai. Amma gaskiya kwamfutar nan taka ta tsufa, Malam."

Mai Gyara ya tura awon zuwa shagon maƙwabcinsa mai buga takardu, aka kawo shafi uku, da ɗuminsu. Goggo ta ninke su biyu ta soke a cikin jaka, can ƙasa.

Injiniya ya miƙo hannu zai ɗauki tabulet ɗin. "Bari in tafi da shi gida in ƙarasa sabuntawar. Akwai wani sabon tsari da ya fito, ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba."

Goggo ta riga shi. Ta ɗora tafin hannunta a kan sikirin, ta dube shi irin duban da take yi wa yadin da ya zuba a wankin farko.

"Ɗan nan, je ka tayar da mota. Wando talatin da huɗu ne a gabana, ko ɗaya ban yanka ba."