Inna Kulu Ta Juya Baya

Ranar da aka gaya wa Shaihu za a kai shi ɗakin gashi, sai da ya fara laluben takalmansa a ƙarƙashin gado. Mutum ya yi sati shida kwance a asibiti a Tambuwal, ƙirji da hannun dama duk ƙuna, sannan wata ma'aikaciya ta leƙo da fara'arta ta ce yau za a soma gashi.

"Gashi kuma?" in ji Shaihu. "Wanda wuta tay yi bai ishe ku ba?"

Sai da Armaya'u, likitan gashin, ya zo da kansa ya rantse masa cewa ko ashana babu a ɗakinsa, motsa jiki kawai ake yi, sannan Shaihu ya ajiye takalmin.

Shaihu makiyayi ne, rugarsu tana gefen Fakku a ƙasar Kebbe. Wutar da ake hurawa don hayaƙi ya kori ƙuda ita ta kama rumfar maruƙa da damina, ya faɗa ciki ya kwance su ɗaya bayan ɗaya har bakwai, ya fito rigarsa tana ci. Maruƙan ko gashin jela bai babbake musu ba. Shi kuwa ya sha hayaƙi, fatar ƙirjinsa da ta warke ta ɗaure shi tam, doguwar kwanciya kuma ta cinye masa ƙarfi. In ya ɗauko magana mai tsawo sai ya tsaya a tsakiya ya nemi iska.

Abin da ke cin ransa ke nan. Garkensu kiransa yake bi, wani dogon kira da yake ja ba yankewa har sai Wule, saniyar da ke gaba, ta ɗaga kai ta taho sauran su biyo ta. Bayan kaka za a tashi da shanu a yi kudu, kuma yayansa Mu'awiyya ya riga ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in bai iya kiran Wule ba, bana da tsofaffi zai zauna.

Armaya'u ya ɗauko wata roba mai ɗakuna uku, kowane ɗaki da ƙwallo a ciki, ga bututu a gefe.

"Malam Shaihu, naman da ka ja maka iska, nan ƙarƙashin haƙarƙari, shi ma jinya yay yi. Sai an tashe shi aiki. Ka sa baki ka zuƙa sannu, awa kana zuƙar fura mai kauri, har ƙwallayen su tashi. Sau goma bayan kowace salla. Kuma a samu mai sa maka ido, na san halin maza."

Da Armaya'u ya san abin da kalmar fura za ta jawo, da ya nemi wani misalin.

Da suka koma ruga suka tarar Inna Kulu, uwar matarsa Mero, ta taso daga Dogon Daji ta zo jinya. Tana jin likita ya ce a sa ido, ta ce ai ita ba ta da wani aiki. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar bukka, ta zauna, ta zuba ido.

To, shekara goma sha biyar da auren nan, Shaihu ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban surukarsa ba. Sau nawa ya wuni da ƙishirwa a gidanta yana cewa ya ƙoshi. Yanzu kuma a ce ya kafa baki a bututu yana zuƙa, kumatu na lotsawa, maƙogwaro na motsi, tana kallo? Ya dubi robar, ya saci kallon tabarmar, ya yanke wa kansa hukunci. Busa ba shan komai ba ce, ko sarewa ana busawa a gaban manya. Sai ya busa.

Ƙwallayen ko gezau.

Inna Kulu ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, sai ta bakin 'yarta. "Mero, gaya ma mai ɗakin ga ba su motsa ba."

Mero, da ke tsaye taku biyu daga mijinta, ta juyo ta ce, "Inna ta ce ba su motsa ba."

Kwana uku yana busa har jijiyar wuyansa ta fito. A na huɗu Mero ta ɗauki robar za ta goge, ta mayar masa da ita a kife ba ta lura ba. Ya busa, sai ga ƙwallaye uku sun tashi fir a tare. Mero ta rangaɗa guɗa. Aka yi ta shigowa kallo, har Mu'awiyya ya ce lallai likitan nan ya san aiki, sai dai ya manta bai faɗi ta inda ake riƙewa ba.

Bayan sati biyu suka hau babura zuwa Tambuwal, Inna Kulu ta ce ƙafarta ƙafarsu. Shaihu ya zauna a gaban Armaya'u, ya kife robar da isa, ya busa, uku suka tashi. Armaya'u ya yi dariya har sai da ya dafa tebur.

"Malam Shaihu, wanga ai ko tsohuwa ta yi shi! Ni ja nic ce, ba busa ba. Mai da ita daidai ka zuƙa in gani."

Shaihu ya mayar da ita daidai. Ya dubi bututun, ya dubi gefen da Inna Kulu take, ya sunkuyar da kai. Armaya'u ɗan cikin gari ne, bai gane ba, sai faɗi yake, "Bismilla mana, mi kaka jira?"

Inna Kulu ce ta gane. Abin ya taɓa ta ƙwarai: ashe sati biyu bawan Allah ya zaɓi ya rasa shanunsa da ya yi abin da ya ga kamar rashin kunya ne a gabanta, ita kuwa ta kafe a ƙofa tana ganin taimako take yi.

"Likita," ta ce, "abin ga shina ƙara in ya kai sama?"

"Shina yi, Inna."

Ta miƙe ta juya kujerarta ta fuskanci bango. "To ni kunnena ba shi ganin kowa."

Shaihu ya zuƙa. Ƙwallo ɗaya ta yi rawa, ta hau da ƙyar, ta ce ƙwas, ta faɗo. Gumi ya keto masa, tari ya biyo baya. A nan ya ga gaskiyar ƙirjinsa, ya kuwa ji tsoro sosai.

"Guda," in ji Inna Kulu, tana kallon bango.

Haka aka koma yi a ruga. Bayan kowace salla sai ta juya wa bukka baya, carbi a hannu, kunne a sama. Ba a iya yi mata wayo. "Mero, ɗazu biyu nij ji, yanzu guda. Tambayi mai ɗakin ga ko ta biyun ta tai kasuwa." In ya ce ƙirji na ja, sai ta aika masa da cewa likita ya ce jan nan shi ne aikin, in dai ba jiri. Sati biyar ana haka. Biyu suka zauna daram, yana riƙe su a sama har ta ƙirga uku. Ta ukun dai rawa kawai take yi a gindi, amma Armaya'u ya ce kada ya damu da ita, riƙewar ta fi hawan.

Ran tashi, da hantsi, shanu suna can hayin fadama. Mu'awiyya ya tsaya da sanda a kafaɗa ya ce, "To, ga ka ga su."

Shaihu ya ga an taru, sai ya yi gaggawa. Ya ɗaga murya, kiran ya tafi rabi ya karye, ya ƙare da tari. Wule ko kunne ba ta kaɗa ba. Mu'awiyya ya soma kallon ƙasa yana neman yadda zai faɗi abin da ba ya so ya faɗa.

Daga kan tabarma, bayanta a juye kamar kullum, Inna Kulu ta ce, "Mero, gaya mai a ja kafin a busa."

Mero ba ta ma maimaita ba. Shaihu ya saki kafaɗunsa, ya ja iska sannu, sannu, har ya ji fatar ƙirjinsa ta miƙe, ya riƙe ya ƙirga uku. Sannan ya saki kiran. Ya tafi, ya tsallake fadama, bai yanke ba. Wule ta ɗaga kai. Ta yi kuka sau ɗaya ta taho, garken ya biyo ta.

"Ɗaure kayanka," in ji Mu'awiyya, yana dariya.

"Inna, juyo ki gani!" in ji Mero.

"Na ji," ta ce. Ba ta juyo ba, sai goge fuska take da bakin mayafi. Ita da kanta ta gyara musu hanyar tafiya, kuma ita za a bari.

Mero ta kawo wa mijinta ƙwaryar fura ta hanya, tana jira ya zagaya bayan bukka kamar yadda ya saba. Bai zagaya ba. Ya je ya tsuguna dab da bayan tabarmar, ya kafa kai ya zuƙa mai ƙara, yadda ko kurma zai ji.

Kafaɗun tsohuwar suka girgiza, ba a san dariya ba ce ko kuka.

"Guda," ta ce.