Sakatar Bindigar Na'ibi

Na'ibi bai ko tsaya shan shayi ba, ya fizgi wasiƙar daga hannun matarsa Sauda ya nufi Balad, tsohuwar unguwar tsakiyar birni, wurin Abdulghaffar mai karanta wa mutane takardu.

Shekara ashirin da biyu yana gadin sito na kafilinsa Hamad, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, da wata tsohuwar bindigar Jamus. Da sakatarta ta tsage, wato ƙarfen da ke tura harsashi, Hamad ya ce, "Na ba ka zuwa bayan Hajji. In ba ta gyaru ba, halas, shi ke nan, in nemi wani mai gadi."

To Na'ibi jikan maƙera ne. A gidansu, in garma ta karye, maƙerar da ta fito ake mayar da ita, ba a kai wa baƙo. Aka karanta masa sunan garin da ke jikin bindigar, Oberndorf. Ya zare sakatar, ya naɗe ta da dabinon Madina, don ba a zuwa wurin maƙeri hannu rabbana. Ya sa aka rubuta, "Zuwa ga Sarkin Maƙeran Oberndorf," ya aika ta gidan waya. Sauda ta ce, "Malam, mai tsaga dai ta fi babu." Ya ce mata harkar ƙarfe ba ta mata ba ce. Wata huɗu ke nan yana rufe ramin sakatar da tsumma kada Hamad ya gani.

Abdulghaffar ya buɗe ambulan. Hoto ya faɗo: ɗan ƙaramin gari a bakin kogi, duwatsu kore shar.

"Kai! Wannan ɗan tsurut ɗin?" in ji Na'ibi. "Yalla, karanta. Yaushe za su aiko?"

Abdulghaffar ya daɗe yana motsa leɓe.

"Baba Na'ibi, sun ce ba su da Sarkin Maƙera. Wani ma'aikacin gari ne ya amsa. Ya ce irin wannan bindiga an daina ƙera ta tun kafin a haife shi."

"To su maido mini da abina."

"Sun ce sun gode da kyauta. Sun sa ta cikin gilashi a gidan tarihi, da sunanka a ƙasa. Dabinon ma ya yi daɗi."

Tsoro ya kama Na'ibi, na gaske, don iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun Hamad take, kuma ba shi da kowa a gida da zai koma wa.

Da la'asar Hamad ya zo sito, ya ɗaga tsumman da yatsa ɗaya, ya leƙa ramin. Bai ma yi faɗa ba. Ya miƙa hannu, Na'ibi ya ba shi makullai.

A gida, a unguwar Karantina, Sauda ta juya hoton, ta juya. Ba ta ce ai na faɗa maka ba.

"Yanzu a can sun san sunanka?"

"Sun sani," in ji shi. "Na nan ne, Hamad, ya ce in kawo takarduna gobe a sallame ni."