Jar Fata a Fuskar Jita

Shekara shida Mikail yana kaɗa jitar bes mai kaurin murya, shekara shida mahaifinsa, Baba Ɗalha baduku, bai taɓa kiran abar da sunanta ba. In ya gan ta jingine a soro sai ya ce, "A kawar da katakon nan daga hanya." Gidan dukanci ne tun kaka da kakanni a Ƙofar Mazugal, ga ɗa ya ajiye basilla ya rungumi tsirkiya. Ai dole tsoho ya ji haushi.

To, ana jibi wunin bikin Kausar, autar gidan, inda Mikail zai yi kiɗa a gaban dangi karo na farko, sai ya dawo daga Kabuga ya tarar jitarsa ta sha sabon kaya. An lulluɓe fuskarta da jar fatar akuya mai laushi, ga zanen dagi a tsakiya, ga koren ɗinki ya zagaye gefe. Baba Ɗalha kuwa yana kan buzunsa yana yankan fata, kamar ba shi ya yi ba.

"Na ga fentin ya koɗe," in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. "Ba za ka shiga taron 'yata da abu kamar ƙyauren kicin ba."

Daɗi ya kashe Mikail, har sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa ya yi godiya, ya shige ɗaki ya jona ta da amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Yana kunnawa sai ga wani ƙugi ya cika ɗakin, sak injin markaɗe. Ya sauya waya, ya sauya soket, ya dafa tsirkiyoyi, wai ko za ta yi shiru yadda ta saba. Ina! Sai ma abin da ya yi gaba.

Washegari da hantsi ya saɓa ta sai shagon Malam Ilu mai gyaran rediyo. Malam Ilu ya sa sukudireba ya kwance gada, wato farantin ƙarfen da tsirkiyoyi ke kwanciya a kai. Ya leƙa, sai ya tuntsire da dariya.

"Tsohon naka fa bai iya aikin ha'inci ba. Kwance gadar ya yi, ya shimfiɗa fata har ƙarƙashinta, ya mayar. Akwai wata siririyar waya da ke fitowa daga cikin katakon nan. Dole bakinta ya taɓa ƙarfen gada, ita ke kwashe ƙugin lantarki. Yanzu fata ta shiga tsakaninsu. Miƙo min rezar can, aikin minti ɗaya ne."

Mikail ya riƙe masa hannu. A gidansu ba a sa kaifi a aikin da baduku ya gama, sai dai shi mai aikin. A gyara a bayan idonsa, to an ce bai iya ba ke nan. Kuma Baba Ɗalha, ko ɗinki ɗaya aka taɓa sai ya gane.

"To je ka gaya masa mana," in ji Malam Ilu.

"Malam, shekara shida nake jiran ranar nan. Sai in ce masa kyautarsa ce ta ɓata min kiɗa?"

"Au, gara ka yi wa amarya markaɗe a gaban surukai? Allah ya ba da sa'a."

Mikail ya dawo gida jiki a sanyaye. Sau biyu yana tsayawa a bakin soro, ya buɗe baki, ya ƙare da "Sannu da aiki, Baba." Bayan la'asar ya rage murya can ƙasa, ya shiga gwada yadda zai ɓoye ƙugin a cikin kiɗa. Bai kai ko'ina ba labule ya ɗaga.

"Wannan ba muryarta ba ce," in ji Baba Ɗalha. "Me ya same ta?"

Ƙarya ba ta zo wa Mikail ba. Kansa a sunkuye ya zayyana komai, har rezar Malam Ilu.

"Ya yanka?"

"Ban bari ba, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ashe dai ɗan gidan nan ne kai. Kwance min ƙarfen."

Ya shafa fatar da babban yatsa har ya ji tudun wayar. Ya zaro basilla daga aljihu, ya huda rami ɗaya tal, tsaf kamar an auna, ya zaƙulo bakin wayar. Mikail ya baza silin jan ƙarfen da ke bakin wayar a kan fata, ya kankare bayan gadar har ya yi ƙyalli, ya ɗora ya ɗaure tam. Ya kunna. Tsit kake ji, sai kukan awakin maƙwabta.

"Kaɗa min kiɗan nan mai takun raƙumi," in ji Baba Ɗalha, yana neman wurin zama a bakin gado. "Wanda kake yi ran Alhamis."

Mikail ya ɗago a razane. "Baba, dama kana ji?"

"Bangon ƙasa ne tsakaninmu, ba dutse ba." Ya mayar da basilla aljihu. "Kuma daga yau ka daina jingine jitar nan a soro. Danshi yana ɓata fata."