Taye Ya Tafi Legas Sayen Yadi

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Folarin ya ce wa matarsa Morenike ta juye waken a kula, yau a lambun unguwa za su ci. Ta dube shi sama da ƙasa. Tun faɗuwar damina ba su taka wurin ba, kuma shi ma ya san dalili.

Folarin mai gyaran janareta ne a Ibadan, amma ka zaga unguwarsu kana neman Folarin, sai ka gaji ba a gane wanda kake nufi ba. Baba Ibeji ake ce masa, uban tagwaye, tun ranar da matarsa ta sauka da biyu, namiji da mace, Taye da Kehinde. Har yau haka ake kiransa, ko da yake saura ɗaya. Zazzaɓi ne ya ɗauke Taye yana shekara shida, kafin a yi wani abin kirki yaro ya tafi.

To, a al'adarmu ta nan Ibadan ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. Cewa ake ya tafi Legas sayen yadi. Tsofaffi sun ce ran tagwaye ɗaya ne aka raba biyu, in wanda ya rage ya ji labarin, sai ya kama hanya ya bi ɗan'uwansa. Saboda haka ranar jana'iza aka kai Kehinde gidan gwaggonta, da ta dawo aka ce mata Taye ya tafi Legas. Kakarsu ta aiko da ɗan mutum-mutumi na icce, bai fi tsawon tafin hannu ba, aka ce shi zai riƙe wa Taye gurbinsa. Morenike tana yi masa wanka, tana shafa masa mai, ta ɗinka masa riga daga ragowar yadin Kehinde, duk inda za ta yana soke a bakin zanenta.

Folarin bai taɓa raina wannan ba, a ciki ya tashi. Abin da ke cinsa a rai shi ne yarinyar. Kehinde da ba a jin kunne in tana gida, ta koma kurum. In an zuba mata abinci sai ta ja layi da yatsa a tsakiya, ta ci rabi ta ture rabi. Da yamma ta zauna a dakalin ƙofar gida tana kallon motoci. Wuyanta ya yi tsawo, rigunanta sun fara yi mata yawa. Shi a ganinsa jiran ne ke cinye ta. Yaro ya yi ta sauraron wanda ba zai zo ba, ina zai ga ƙiba? Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ya wayi gari ita ma babu.

Ya taɓa kawo wa Morenike maganar a faɗa wa yarinyar gaskiya. Kai, ranar ya ga abin da ya ishe shi. Matar da ko muryarta ba a ji a waje ta riƙe masa wuyan riga.

"Baba Ibeji, na ba da ɗaya. In ka buɗe bakin nan ta bi shi, Allah na gani, ba zan yafe maka ba."

Ya ƙyale ta a lokacin, amma bai bar maganar ba. Shi ya sa yau ya ce a zo lambu. Ya ƙudura a ransa zai ja Kehinde gefe ya gaya mata, in ya so komai zai faru ya faru.

Lambun nan ba a biyan ko sisi, shi ya sa ranar Lahadi ba masaka tsinke. Ciyawarsa rabi ta mutu saboda ƙwallon samari, lilon ƙarfen kuwa da waya aka ɗaure sarƙarsa. Duk da haka kowa na nan da tabarmarsa da kularsa a gindin mangwaro. Ga 'yan coci masu fararen riguna can gefe suna addu'a da ƙararrawa, ga amarya da ango ana ta juya su ana ɗaukar hoto, ga mai askirim a keke ya ishi mutane da hon.

"Baba Ibeji, ashe kuna gari!" in ji mai askirim ɗin. "Ina sojan naka ɗaya, mai cin bashi?"

"Ya tafi Legas," in ji Morenike da sauri.

Mutumin ya ga ɗan iccen a ƙugunta, sai ya sauke hannu daga hon. Ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya miƙa wa Kehinde askirim biyu, ya ƙi karɓar komai, ya tura kekensa gaba.

Morenike ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da ɗan iccen a jikin kula, ta zuba wake da manja da soyayyar ayaba. Ta diga ɗan wake a murfi ta ajiye a gabansa. Folarin ya ci loma biyu kawai, ya miƙe ya ce wa Kehinde ta zo su zaga.

Ƙafarta ta kai su inda ya san za ta kai su, wurin dogon katakon nan da yara biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Da can nasu ne ita da Taye. Nauyinsu ɗaya, sai su daidaita shi a tsakiya su tsaya cak ƙafafunsu na reto, sauran yara na ta ƙorafi a sauka a ba su. Wata 'yar lukuta mai kitso da duwatsu ta ce wa Kehinde ta zo su hau tare. Kehinde ta girgiza kai. Yarinyar ta murguɗa baki ta yi wajen lilo.

Folarin ya durƙusa a gaban 'yarsa. Duk kalmomin da ya shirya tun daga gida suka watse. Ya ce, "Kehinde," ya sake cewa, "Kehinde," shi ke nan abin da ya fito. Namiji guda, mai ɗaga janareta shi kaɗai, ga shi yana rawar baki a gaban 'yar shekara shida.

Ita kuwa sai ta ruga wurin uwarta, ta dawo da ɗan iccen a hannu. Ta zaunar da shi a ɗaya gefen katakon, ta gyara masa riga, ta jingina shi da mariƙi don kada ya faɗi, sannan ta zagaya ta hau nata gefen. Katako bai motsa ba. Tana ƙasa, shi yana sama, iska na kaɗa 'yar rigarsa. Ta buga ƙafa, ta ɗaga kaɗan, ta dawo dim.

Folarin ya tashi ya je bayan ɗan iccen, ya ɗora tafin hannunsa ya danna a hankali. Kehinde ta yi sama. Ya sassauta, ta sauko. Ya sake dannawa. Abin da ya ji a hannunsa ya kusa sa shi kuka, don yarinyar ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ya ɗaga buhun da babu komai ciki.

Suna cikin haka ta ce ya tsaya. Ya riƙe katakon a tsakiya, ƙafafunta na reto. Ta waiwaya ta dubi inda uwarta take, sannan ta rage murya.

"Baba, Taye ba Legas ya tafi ba."

Ya tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa. Takalmin Taye na coci yana ƙarƙashin gado, kuma ai ba a zuwa Legas ba takalmi. Ta ce kuma ta ga inda aka kai kakan ƙawarta Bisola da ya yi zazzaɓi, ta san wurin, bayan coci ne. Ya tambaye ta to me take jira kullum a ƙofar gida. Ta ce in ta zauna a nan, Mama takan zo ta zauna kusa da ita, ta daina shiga ɗaki ita kaɗai.

"Ke ma kina so ki je inda yake?" Da ƙyar ya iya tambayar.

Ta yi ɗan tunani, ta ce a'a, ita tana jin tsoron wurin, kuma in ta tafi wa zai zauna da Mama. Daga nan ta sunkuyo ta kama mariƙin da hannu biyu.

"Amma kada ka gaya mata, Baba. Ita ba ta sani ba. Kullum tana zuba masa abinci."

Folarin ya dubi gindin mangwaro. Morenike na zaune a kan tabarma, ta kare rana da tafin hannu tana kallonsu, ta ga 'yarta a kan katako karo na farko tun damina, tana murmushi tana share ido da bakin zane. Ya juyo, ya ce wa Kehinde ya ji, ba zai gaya mata ba.

"To danna," in ji ta. "Tana kallo."