Titin da Aka Miƙar

Da kamfanin gine-gine ya ba Injiniya aikin zana titunan sabuwar unguwa, ta san abin da take gudu. Filin yana tsakanin manyan hanyoyi biyu ne, kuma duk direban da cunkoso ya isa zai nemi wurin yanke. Saboda haka ta lanƙwasa babban titin, ta matse shi a gaban makaranta, ta sa ƙaramin shataletale a tsakiya, ta bar wa masu tafiya a ƙasa gefe mai faɗi da bishiyoyi.

Mai kamfanin ya daɗe yana jujjuya zanen a kan teburinsa.

"Wannan titi ne ko hanjin kaza?"

"Ranka ya daɗe, direba in ya ga hanya fetal, ƙafarsa ce ke yi masa tunani. In ya hango kwana, da kansa zai sassauta."

"Mai sayen gida fa? So nake ya tsaya a bakin unguwa ya hango ƙarshenta, ya san ya shigo wurin manya."

Ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ya ce za a duba. Ranar da ta koma filin, ta tarar gireda ta riga ta yanka titin a miƙe, ɗoɗar.

Yayanta na cikin waɗanda suka fara sayen gida. Ta roƙe shi ya ɗauki na lungu, ya yi dariya.

"Auta, ke dai ba kya so a ga gidana ne."

Ya ɗauki na bakin titi, daura da makaranta.

Kwalta ba ta gama shan iska ba direbobi suka gano hanyar. Masu babura ne suka fara, sai motocin haya, sai tifofin yashi. Makarantar da ake hangowa ta taga, sai matar yayan ta riƙe hannun yara ta tsaya jiran sarari kafin su tsallaka. Wata safiya mota ta ƙwace wa wani, ta rushe katangar maƙwabcinsu. Allah ya tsare, ba kowa a wurin.

Daga nan kowane magidanci ya kwaɓa siminti ya yi tudu a ƙofar gidansa, wani tudun ya kai gwiwar yaro, wani kaifi gare shi. Direbobi su taka birki, su hau, su ƙara wuta. Ƙarar ta fi ta da.

Mai kamfanin ya kira taron mazauna unguwa, ya gayyaci Injiniya. Wani dattijo ya miƙe ya tambayi wanda ya zana musu wannan masifa.

"Ga ƙwararriyarmu nan," in ji mai kamfanin, yana nuna ta. "Za ta gyara titinta."

Ta dubi yayanta, wanda ya san komai. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar agogonsa.

Ta ce har yanzu akwai mafita: a matse titin a wurare kaɗan, a yi wa masu tsallakawa tsibirin tsayawa a tsakiyar titi gaban makaranta, a rufe mashiga ɗaya ga manyan motoci. Mai kamfanin ya ce ba mai fasa masa sabuwar kwalta. Mazauna kuma kowa ya yarda a matse, amma ba a ƙofar gidansa ba.

Abin da aka amince da shi shi ne a rage tsayin tuddan, a shafa musu fenti. Ta so ta ajiye aikin, amma ta tuna yaran da ke tsallakawa, ta tsaya a rana har aka gama. Gudun ya ɗan ragu. Tifofi ba su daina bi ba.

Da yamma yayanta ya fito mata da ruwa.

"Auta, in kin ji labarin wani gida a lungu, ki taɓa ni."

Ta karɓi kofin ta shanye, ta miƙa masa abinsa.